Hannun Rigar Yaya

Shafi na 23

To 'ya'yana da jikokina, ku gyara zama. Masu cewa na bar Auta a ƙofar asibiti na tafi shan shayina, ga ta nan na kawo muku ita gida. Wanda bai ci abinci ba ya ci kafin ya karanta, don ni kaina da na gama rubutawa kasa ci na yi.

Rana na tsaka Auta ta sauka daga mota a bakin layinsu. Ta yi taku kaɗan ta dafa bango. Ƙasa ce ta ɗan juya mata, kamar yadda take yi mata kwanakin nan. Ta ce a ranta zafin rana ne.

Maganar Sista ce ke ta yawo a kanta.

Sista ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke duba ta a kan ramar nan. Tun rasuwar Yayarta bara abinci ya fita ran Auta, ta zube har zobe ya daina zama a yatsanta. Sista ce ta lallaɓa ta ta tsara mata ci: kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, ƙwai, wake, kifi, gyaɗa a jaka duk inda za ta, ɗan mai a kan abinci, kada ta cika cikinta da ruwa kafin ta ci, da kofin madara safe da yamma. Har ɗaga dutsen guga ta sa ta riƙa yi don naman hannu ya kama. Kullum maganarta ɗaya, sannu ba ta hana zuwa.

Yau da ta hau sikeli sai ya haura fiye da yadda aka zata. Auta ta yi murmushi. Sista ba ta yi ba. Tef ɗin awo ta ɗauko ta zagaya damtsen Auta, ta duba, ta sake zagayawa.

“Auta, me kike sha?”

“Abin da kika ce, Sista.”

“Sikeli ya hau, damtse ya sauka. Fuska ta cika, hannu na tsotsewa. Wannan ba ƙibar abinci ba ce. Akwai ƙwayar da ake sayar wa mata a ɓoye, haka take yi. Kumburi ne, sai a ɗauka ƙiba ce.”

“Wallahi ko ta ciwon kai ban sha ba.”

Sista ta ɗebi jininta, ta saka mata lambarta a waya.

“Je ki bincika duk abin da ke shiga bakinki, ki kawo min yau kafin in tashi. Ki kuma saurare ni da kyau. Idan ta tabbata ita ce, kada ki yanke ta lokaci guda. Jikin da ya saba da ita ya daina yin nasa sinadarin irinta, in aka janye masa farat ɗaya faɗuwa yake yi. Likita ne ke rage ta a hankali. Kin ji ko?”

Ta ji. Ba ta dai gane yadda zancen ya shafe ta ba.

Shagon ɗinkin Mama a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya waje, ɗaya cikin gida. Babu wuta, fanka a tsaye, Mama na kan kekenta na ƙafa da tabarau a kan hanci. A kusurwa ga keken Yaya lulluɓe da tsohon zane, ba wanda ya taɓa shi tun ranar.

“Kin dawo? Ya asibitin?”

“Lafiya.”

“Ga rigarki na gyara. Na buɗe miki wuya da ƙugu, hannun kuma na ɗan kama shi, yana miki yawa.”

Mama ta faɗa ne idonta a kan allura, irin maganar da tela ke yi sau goma a rana.

Auta ta tsaya cak.

Ba ta son kallon dogon madubin shagon. Makonni ke nan tana wucewa ta gabansa kanta a ƙasa, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Duk sanda ta ɗaga ido, Yaya take gani. Ba Yayar da suka tashi tare ba, siririya mai dariya. Yayar ƙarshe, mai zagayayyar fuska kamar faranti, idanu sun shige ciki, kumatu na sheƙi. Auta ta yi addu'o'i, ta sha tofi, ta ɗauka Yaya ce ke kiranta.

Yau ta ɗaga ido da gangan.

Yaya na nan, tana kallonta, sanye da mayafin Auta.

Ta juya ta nufi keken kusurwa, ta ɗage zanen. Ƙura ta tashi.

“Ke, me kike nema a nan?”

Auta ta ja aljihun keken. Koriyar rigar na ciki a naɗe, wadda Yaya ta fi so, wadda Mama ta kasa bayarwa ranar da aka raba kayanta. Ta juya ta ciki-waje ta shimfiɗa a teburin yanka. Ta ɗauki tata da Mama ta gyara yanzu, ita ma ta juya ta, ta shimfiɗa a gefe.

Ku da ba teloli ba, bari in gaya muku. Allura ba ta mantuwa. Ko ka farke ɗinki, ramukanta na nan a jere a jikin yadi.

A ƙugun rigar Yaya layin ramuka ne bi da bi, kowanne ya fi na baya matsawa waje, har yadin da aka bari ya ƙare aka yi ƙari da wani ƙyalle. A hannun rigar kuwa layukan ciki suke shiga. Ana buɗe ƙugu, ana tsuke hannu.

Rigar Auta ta fara bin sawu. Layi biyu ne tukuna.

“Mama, zo ki gani.”

“Na gani daga nan.”

“A'a, ki zo.”

Mama ta taso a hankali. Ta tsaya a kan rigunan biyu, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

“Ke kika yi wannan ɗinkin, Mama. Da wannan.”

“Ni na yi.”

“Shekara nawa kina awon mata? Wace mace ce ke ƙiba hannunta na ramewa?”

Mama ta kau da kai daga rigunan.

“Ana ta cewa Yaya ta murje, Yaya ta yi kyau. Matar mai kanti har cewa ta yi a gaya mata sirrin. Ke kuma kina nan kina kama mata hannun riga.”

“Auta, ki iya bakinki.”

“Na iya shi shekara guda. Me ake sa min a abinci?”

Mama ta cire tabarau ta ninke.

“Ke a tunaninki ni zan...”

“Ban san tunanina ba, Mama. Na san dai ba na iya kallon madubi. Kullum ita nake gani. Na ɗauka zuwa take ta tafi da ni, ashe fuskata ce.”

Daidai nan labulen ƙofar cikin gida ya ɗaga. Goggo ce, yayar Babansu, wadda ke zaune da su tun da mijinta ya rasu. Baban direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana a gida ba, don haka maganar Goggo a gidan kamar tasa ce. Da kofi a hannunta ta shigo, tana juya cokali.

“Ina sillen karan nawa? Au, na manta, yanzu an daina sillen kara, an zama rake. Karɓi madararki, na ga ba ki shanye ta safe ba.”

Auta ta kalli kofin. Tun ranar da Sista ta ce madara safe da yamma, Goggo ta ce wannan aikinta ne, kada wanda ya taɓa mata. Auta har daɗi ta ji a lokacin.

“Goggo, me ke ciki?”

“Madara mana. Da dabino, da 'yar gyaɗa, yadda Sistarki ta ce.”

“Sai me?”

Goggo ta kalli rigunan da ke teburin, ta kalli Mama. Ta ajiye kofin a kan keke.

“Sai abin da ya tashe ki.”

“Goggon yara...” in ji Mama.

“Bar ni, Maman yara, ba sata na yi ba. E, na sa. Ƙwayar da yayarki ta riƙa sha ce, wurin mai kayan kwalliyar nan na karɓo. Na daka ta na zuba a gwangwani, rabin cokali a kofi. Ga shi kuwa ido ya gani.”

Auta ta ɗauke ido daga kofin ta kalli Goggo.

“Tun yaushe?”

“Jim kaɗan bayan kin fara zuwa wurin mai sikelin nan. Na zuba ido, ƙwai, ƙwai, wake, wake, kina nan jiya i yau. In don ta ita ce sai kin yi furfura kafin ki cika riga.”

“Ta ce min a hankali ake yi.”

“A hankali? Ita take jin abin da ake faɗa a layin nan? Kin san me matar mai kanti ta ce a gabana? Wai ita ba za ta ƙara kawo ɗinki ba, don ba ta san irin ciwon da ke cin 'yan gidan nan ba, ɗaya ta tafi ga ɗaya na bi. Dubi igiyar nan ta rataye kaya. Da can wurin sa hannu babu, yau riga nawa ke kai? Uwarki na haɗiyewa tana shiru, ni ba zan iya ba. Bakin mutane ba ya ɗinkuwa, sai dai ka cire musu abin faɗa.”

“Goggo, ita ce ta kashe Yaya.”

“Kul. Kada in ƙara ji. Zazzaɓi ne ya ɗauki yayarki, da kwananta da ya ƙare. Ta sha ta wata da watanni tana yawonta, ko kai bai sara mata ba. Ni zan ba 'yar ƙanena guba? Ni da na goya ki a bayan nan?”

Muryar Goggo ta karye a ƙarshen. Auta ta san ba ƙarya take ba. Wannan ne ma ya fi ciwo.

“Ko yau da safe na sa miki,” in ji Goggo, “ga ki a tsaye.”

“Ba ki sa ba.”

Mama ce ta yi maganar, can ƙasa-ƙasa. Duk suka juyo.

“Me kika ce?”

“Abin da kika sa yau garin madara ne. Da na jiya. Da na shekaranjiya.”

Goggo ta saki baki.

“Ranar da na auna Auta na ga hannun nan,” in ji Mama, “gabana ya faɗi. Na bi ki madafa na leƙa, na ga gwangwanin a bayan tukwane. Da kika fita gaisuwa farkon makon nan na juye shi a makwarara, na wanke, na zuba garin madara.”

“Ba ki gaya min ba?”

“Ta yaya zan kalli idonki, Goggon yara? Ke yayar mijina ce. In ce miki me? Na ce a raina in gyara a ɓoye, kowa ya tsira da mutuncinsa.”

Ta juyo wurin Auta, fuskarta da wani ɗan haske, irin na wanda ya sauke kaya.

“Ki kwantar da hankalinki, Autata. Babu ita a jikinki yanzu. Na raba ki da ita tas.”

Auta ta tuna. Kwanakin nan madarar ta daina ɗan ɗacin nan da take ji a ƙarshen harshe. Ta ɗauka bakinta ne ya gyaru. Kwanakin nan ne kuma ƙasa ta fara juya mata. Kwanakin nan ne ƙwai ke tayar mata da zuciya.

Kada ki yanke ta lokaci guda.

Ta dafa teburin yanka.

“Mama.”

“Na'am.”

“Yaya fa? Kin san tana sha?”

Mama ta sunkuyar da kai.

“Daga baya na sani. Da farko murna na yi ta yi, ina buɗe mata riga ina gode wa Allah. Sai da na ga cikinta ya yi jan zane-zane kamar an ja ta da farce, na bincika jakarta na gani.”

“Sai kika yi yaya?”

“Abin da kowace uwa za ta yi. Na kwashe duka na zubar. Ta yi kuka, ta ce in bar mata ko kaɗan ne, jikinta ba daɗi in ba ta sha ba. Na ce ko ɗaya. Na hana ta fita, don kada ta sayo wata.”

“Yaushe ke nan?”

“Lokacin da muke ɗinkin kayan 'yan makarantar nan.”

Auta ta rufe ido. Kayan 'yan makaranta. Shuɗin yadi ko'ina a shagon, su uku suna ta aiki. A cikin wannan ɗinkin ne Yaya ta fara amai. A cikinsa ne aka ce zazzaɓi ne, aka sayo mata magani a kanti. Ba a kai ga sa maɓallai ba aka fita da gawarta. Sauran wandunan wata tela ce ta ƙarasa.

“Ko mako ba a rufa ba,” in ji Auta.

“Me?”

“Tsakanin zubarwar da tafiyarta. Ko mako ba a rufa ba, Mama.”

“To ai na makara ne. Da na zubar da wuri...”

“Sista ta ce ba a yanke ta lokaci guda.”

Ba ta so ta faɗa haka ba. Fitowa ta yi kawai.

“Ta ce jikin da ya saba da ita, in aka janye masa farat ɗaya, faɗuwa yake yi. Likita ne ke ragewa a hankali.”

Wani mai tura ruwa ya wuce ta ƙofar shagon, jarkokinsa na ƙara.

Mama ta nemi kujera da hannu ba ta samu ba, ta zauna a kan tarin yadi.

“A'a,” ta ce. “A'a. Ni ceto ta na yi.”

“Innalillahi,” in ji Goggo a hankali. “Garin gyaran gira.”

“Ta roƙe ni,” in ji Mama, ba da kowa take ba. “Ta riƙe min zane. Ta ce Mama ko rabi. Na ce mata shaye-shaye ne ke magana a bakinta. Ranar ƙarshe ta zauna a keken can za ta yi aiki, ta kalle ni ta ce...”

Ba ta ƙarasa ba.

Auta ta ce bari ta ɗauko wayarta a jaka ta kira Sista. Jakar na rataye a bakin ƙofa, taku kaɗan ne. Ta saki teburin.

Ƙafar ta ƙi.

Ba ciwo, ba komai. Kamar dai an zare mata zaren da ke riƙe da gwiwa. Ta yi baya, abin da ya tare ta shi ne kujerar keken Yaya. Ta zauna a kai, tafin ƙafarta ya sauka a kan matakin keken, ƙarfen ya yi ɗan kuka ya tsaya. Gumi mai sanyi ya keto mata. Yawu ya taru a bakinta.

“Mama,” ta ce, “ƙafata ta ƙi ɗaukata.”

Mama ta ɗago. Auta ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta koma haka ba.

“Abin da yayarki ta ce ke nan,” in ji Mama. “A kujerar nan. Abin da ta ce ke nan.”

Goggo ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta kalli kofin, ta kalli Auta.

“Bari in ruga wurin mai kayan kwalliya in karɓo wata, a ba ta yanzu...”

“A'a, Goggo.” Da ƙyar muryar Auta ke fita. “Mota. Asibiti. Ki ɗauko gwangwanin, da kwalin ƙwayar in yana nan.”

Goggo, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi, ta fita titi da ɗankwali kawai, takalmi ƙafa ɗaya.

Mama ta zazzage jakar a ƙasa. Gyaɗa ta watse, dafaffen ƙwan da Auta ta kasa ci ya gangara ƙarƙashin teburi. Ta sa mata wayar a hannu. Auta ta danna sunan Sista, yatsanta na zamewa.

Wayar na ta ƙara.

Daga inda take zaune madubin na fuskantarta. Yaya na ciki, a kan kekenta, fuskar nan zagayayya tana sheƙin gumi. Yau ba ta yi kama da mai kira ba. Ta yi kama da mai jiran a ba ta amsa.

Aka ɗaga.

“Auta? Kin samo?”

Auta ta buɗe baki. Harshen ya yi nauyi.

“Auta, kina jina? Yaushe kika sha ta ƙarshe? Wa ke kusa da ke?”

Wayar ta sulale daga hannunta ta faɗa kan koriyar rigar da ta zamo ƙasa. Muryar Sista na ta fitowa daga cikin yadin, ƙarama.

Mama ta durƙusa. Hannu ɗaya ta tallafe kan Auta a ƙirjinta, ɗaya ta ɗauki wayar. Matar da ta shekara tana haɗiye magana, wadda ta gwammace ta juye gwangwani a ɓoye da ta ɗaga ido ta kalli yayar mijinta.

“Sista, uwarta ce,” ta ce. “Tun farkon mako ba ta sha ba, ni na yanke mata. Muna hanya. Kada ki kashe wayar, akwai abin da ya kamata likita ya sani kafin mu iso. Ba ita ce ta farko ba.”

A waje aka danna hon.

Mama ta girgiza kafaɗar Auta.

“Tashi, ga mota. Auta. Autata, buɗe idonki.”